Kamu Ashirin da Shida

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da na ɓoye tun kafin in ɓoye shi.

Ummi da Hafsi, ƙannena, ku nake rubuta wa wannan. Yanzu kun yi ƙanƙanta, ba zan ba ku shi ba sai kun kai shekaruna na yau. Na san mutane kan jira sai furfura ta fito kafin su zauna rubuta labarinsu, ni kuwa ko ashirin ban cika ba, amma tun abin da ya faru na daina sakin jiki da gobe. Abin da ake faɗa a unguwa shi ne idon Baba ne ya yi rauni, ya yi kuskuren awo, kuskuren ya ci masa hannu. Ku ma na ji kuna faɗa wa ƙawayenku haka a bakin famfo. To ba haka ba ne. Idon Baba lafiyarsa lau.

Kafin ku girma za ku manta yadda shagon yake, saboda haka bari in fara da shi. Baba maƙerin gwangwani ne. Yana yin mazurari da ludayi da fitila kamar kowane maƙeri, amma abin da ya kai sunansa Zango da Sandamu shi ne ƙananan tireloli. Ba irin motar langa-langa da yara ke ja da zare ba. Direba ne zai zo ya ce yana son motarsa a kan teburin falonsa, Baba ya bi shi gareji ya auna ta daga kai har wutsiya. Bai taɓa riƙe tef ba. Da kamu yake awo: ya ɗora hannunsa na dama a jikin bodi, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, ya ja alli, ya matsa, ya sake ɗorawa. In ya dawo shago sai ya ɗauko wata siririyar sandar tagulla mai tsaga-tsaga, kowace tsaga a madadin kamu ɗaya. Liman yake kiranta, wai don duk abin da ke shagon ita yake bi. Da ita yake rage ƙatuwar mota ta koma ta tafin hannu biyu, ba tare da ƙofa ko taya ta fi ƙarfin 'yar'uwarta ba. Na taɓa jin wani direba yana yi masa ƙorafi yana dariya.

"Haba Malam Ɗanjuma, har lotsawar da na yi wa bamba sai da ka sa?"

"Motarka ka ce in yi maka," in ji Baba, "ba wadda kake mafarki ba."

A shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ba a maganar komai a garin sai ta layin dogon da ake shimfiɗawa, wanda zai ratsa ta wajenmu ya nufi Nijar. Masu motoci hankalinsu ya tashi, suna cewa ranar da jirgi ya fara ɗaukar kaya ranar za a yi wa tirela salla. Ana cikin haka wani mai tireloli da Baba ya saba yi wa aiki, Alhaji Sabo, ya zo shago da takarda a hannu. Ya ce a wasu ƙasashe jirgi ba ya kashe tirela, goya ta yake yi: akwai tarago shimfiɗaɗɗe marar rufi, ana ɗora bodin tirela a kai da kayanta, a sauke ta a gaba wani kan mota ya ja. Yana son Baba ya ƙera masa kan jirgi da tarago shida, kowanne da tirela a bisa, ya kai taron masu motoci su gani da idonsu, ko zuciyarsu ta kwanta. Takardar zanen taragon ce, da tsawo da faɗi, duk da Turanci, duk a mita. Baba ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, sannan ya leƙo ƙofar da ta haɗa shagon da tsakar gida.

"Saude! Zo ki nuna mana abin da aka koya miki."

Na sa hijabi na fito. Na karanta musu: tsawon inda tirela za ta zauna mita goma sha biyu da rabi. Baba ya ce,

"Ita wannan mitar tasu, kamar yadi take?"

"Duk ɗaya ne, Baba."

Ko kaina ban ɗaga ba na ba shi amsar. Ina so ku tsaya a kan wannan layin, domin daga nan komai ya taso. Kowa a garin nan ya san kamu biyu yadi ɗaya ne, haka ake yankan yadi a kasuwa tun kakanninmu. Ni kuma a kaina yadi da mita abu guda ne, ɗaya sunan kasuwa, ɗaya sunan makaranta. An koya mana bambancinsu, na tabbata an koya, wataƙila ma na ci shi a jarrabawa, amma a ranar bai zo mini ba. Sai na ce mita sha biyu da rabi kamu ashirin da biyar ke nan. Baba ya dubi Alhaji yana murmushin da ban taɓa ganin irinsa a fuskarsa ba.

"Ka ji ko? Ni in ji da tireloli, ita ta ji da jirgi. Bana shagon nan ya samu injiniya."

Mako shida muka yi muna aikin. Ni nake zana sassan taragon a kan gwangwani da rular makaranta, shi ya yanka ya liƙe da darma, bai taɓa ɗora liman a kan zanena ba. Tirelolin kuwa awonsu yana kansa tun tuni, don shi ya taɓa ƙera ta Alhaji. Tayoyi daga tsohon silifa, dogo daga sifokin keke, katakan ƙarƙashin dogon kuma tsinken ashana ne, ni na jera su ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Inna ba ta so ba. Kullum in na shigo tana kan keken ɗinkinta sai ta kalli hannuwana.

"Budurwa da hannu kamar gindin tukunya. Malam, wa zai sa wa wannan lalle?"

"Ki bar ta," in ji Baba. "Sakamako na fitowa zan kai ta ta karanci zanen gine-gine. Wannan kan ba na zaman gida ba ne."

Ba zan ɓoye muku ba, makonnin nan shida su ne mafi daɗi a rayuwata. Da hantsi shagon kan cika da warin darma da fenti, rediyo na magana ba mai sauraro, Baba na waƙa ƙasa-ƙasa ta hanci. Wani lokaci sai ya miƙo mini almakashi ba tare da na tambaya ba. Shi da ba ya yarda kowa ya taɓa masa kayan aiki.

Baba yana da wata al'ada, ba ya haɗa aiki sai a gaban mai shi. Saboda haka tirelolin suna kan kanta, jirgin yana kan tebur, ba su taɓa haɗuwa ba sai ranar da Alhaji ya zo da abokansa biyu bayan la'asar. Ina tsaye a bakin ƙofar cikin gida. Baba ya yi bisimilla, ya ɗauko tirela ta farko da hannu biyu, ya ɗora. Ba ta shiga ba. Kowane tarago yana da ɗan tudu gaba da baya da zai tare kaya, sai wutsiyar tirelar ta hau kan tudun baya ta tsaya a karkace. Ya ɗauke, ya juya ta, ya sake ɗorawa. Ya gwada ta biyu, ta uku, har ta shida.

"Malam," in ji Alhaji, "motata mita sha biyu ce, haka yake a takardunta. Taragon sha biyu da rabi. Ai kamata ya yi ta shiga har da sarari. 'Yata, mita sha biyu kamu nawa ne?"

"Ashirin da huɗu," na ce.

"Ashirin da shida na ƙirga," in ji Baba.

Ɗaya daga cikin abokan Alhaji, wani mai ƙiba da ban san sunansa ba, ya yi dariya.

"Malam Ɗanjuma, ko dai lokacin tabarau ya yi? Layin alli ɗaya ya fara zame maka biyu?"

Suka yi dariya su biyu. Alhaji bai yi ba. Ya ce saura kwana takwas taro, kuma in ya kai wannan a haka, abin da zai nuna wa mutane shi ne jirgin ba zai ɗauki motocinsu ba, gara ma bai je ba. Bayan sun tafi Baba ya zauna a kan benci, ya miƙa hannunsa gabansa yana kallon yatsunsa, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Tuwon da aka kai masa haka aka dawo da shi. Washegari na gan shi tsaye a ƙarshen zaure yana ƙoƙarin karanta kalandar da ke ɗaya bangon, leɓɓansa na motsi. Mutumin da shekara talatin ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

A ranar da azahar Inna ta ce in riƙe mata tef za ta yanka yadin wata amarya. Tef ɗin ɗinki fuska biyu gare shi, ɗaya inci, ɗaya santimita. Na sa babban yatsana a kan inda yadi ɗaya ya ƙare, tef ɗin ya murɗe a hannuna, na ga bayansa. Casa'in da ɗaya da ɗoriya. Ba santimita ɗari ba, yadda mita take. Na ƙura wa lambar ido.

"Ke lafiya?" in ji Inna. "Aljani kika gani a tef ɗin?"

Na ce kaina ke ciwo. Na shiga ɗaki na yi lissafin a bayan tsohon littafina, sau uku. In yadi bai kai mita ba, kamu bai kai rabin mita ba. Kamu ashirin da shida na Baba su ne mita sha biyun Alhaji, kusan cif. Tirelolin daidai suke. Taragon ne na gajarce, duka shidan.

Nan ne ya kamata in tashi in bi ta ƙofar nan, taku goma ne kacal. Ban tashi ba. Na sha tambayar kaina dalili, kuma duk amsar da na samu ƙarama ce, abin kunya. Na tuna murmushinsa da ya ce shago ya samu injiniya. Na tuna mai ƙibar nan, na ji a kunnena yadda zai yi dariya in ya ji 'yar sakandare ba ta san yadi da mita ba. Na tuna Inna za ta ce dama ta faɗa. Na ji tsoron maganar karatun gine-gine za ta mutu a ranar. Sai na ce wa kaina bari in jira gobe, in samu lokacin da yake cikin walwala. Gobe ta zo bai yi walwala ba. Na ce to jibi. Ina kai masa ruwan alwala, ina ganin yana murza ido, ina komawa ɗaki.

A rana ta uku bayan ya dawo daga masallaci da safe ya ce zai tafi Kongolam, bakin iyakar Nijar, an gaya masa motar Alhaji tana can a layi tana jiran tsallakawa.

"Ka bari ta dawo gareji mana, Malam," in ji Inna. "Wurin nan ba wurin tsayuwa ba ne."

"Kafin ta dawo taro ya wuce. Saude, ɗauko alli. Ke za ki ƙirga, tunda naki idon sabo ne."

A motar haya muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Sau biyu na buɗe baki. Na farko wata mata ta nemi in riƙe mata jaka. Na biyu babu wanda ya hana ni. Na ce a raina, ai ba komai, zai auna ya samu ashirin da shidansa, hankalinsa ya kwanta, a hanyar dawowa in gaya masa yana cikin farin ciki. Wallahi haka na tsara.

Ba ku taɓa zuwa Kongolam ba. Manyan motoci ne jere a gefen titi, wasu a gefen wasu, tsakaninsu ɗan lungun da mutum ɗaya zai bi a karkace. Ga ƙarar injuna, ga masu awara da masu shayi, kowa na ihu. Muka samu motar Alhaji, direban ya tafi karyawa. Gefen titi mashina na wucewa, sai Baba ya zaɓi ɗaya gefen, lungun da ke tsakaninta da wata tirelar shanu da babu kaya a ciki. Ya naɗe hannun rigarsa, ya karɓi allin a hagu, ya ɗora damansa a jikin bodi. Ni ina binsa a baya ina ƙirga da ƙarfi. Ɗaya. Biyu. Yana ja, yana matsawa. Da muka wuce ashirin na ga kafaɗarsa ta fara miƙewa. A ashirin da huɗu, inda lissafina na farko ya ce mota ta ƙare, ga bodi nan da saura. Ya waiwayo ya dube ni. Ashirin da biyar. Ya riga ya kai kusurwar baya, ni ina cikin lungun, sai na kasa daurewa.

"Baba, akwai abin da..."

"Bari in ƙarasa."

Ya ɗora hannun. Ban ji lokacin da aka tada tirelar shanun ba, ƙarar ta ɓace cikin sauran. Abin da na ji shi ne hucin birki, sannan na ga bangon ƙarfe na gefena yana tafiya baya. Direban tirelar shanun yana so ya fita daga layi ne, ya karya kan motar, wutsiyarta ta yi gefe ta haɗu da kusurwar ta Alhaji. Ba da gudu ba. A hankali, kamar ana rufe ƙofa. Baba ya ja jikinsa, jikin ya fita. Hannun bai fita ba.

Ba zan rubuta ƙarar ba. Ina jin ta, ba sai na rubuta ba. An ce na yi ta dukan bodin da tafin hannu har mutane suka tsayar da direban, an ce ni na cire hijabina aka ɗaure hannun da shi. Ban tuna ko ɗaya ba. Abin da na tuna shi ne allin a ƙasa, ya karye biyu, ina ta ƙoƙarin tsince shi. Har yau in babbar mota ta yi huci a titi sai in nemi bango in dafa.

A asibiti suka cire hannun daga saman gwiwa. Da ya farfaɗo Inna ta fita kiran ma'aikaciya, ni kaɗai ce a gefen gadon. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce da wata murya kamar ba tasa ba,

"Nawa muka kai?"

"Ashirin da biyar, Baba. Saura ɗaya daidai."

"To shida ke nan."

Ya rufe ido. Ko a nan ban faɗa ba.

Sai bayan ya dawo gida da kusan wata guda. Kafin nan maganar ta riga ta zaga gari yadda kuka ji ta. Alhaji Sabo ya yi ɗawainiya, Allah ya saka masa, ya zo ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, har ya kawo wa Baba tabarau a cikin ɗan akwati, a ganinsa taimako ne. Wata safiya Baba ya ce in buɗe shago ya sha iska. Jirgin yana nan a kan tebur yadda muka bar shi, tirela ɗaya a karkace a kan tarago. Na koma ciki na ɗauko tef ɗin Inna, na durƙusa a gabansa, na nuna masa fuska ɗaya, na juya na nuna masa ɗayar. Na gaya masa duka. Ya saurara har ƙarshe.

"Nawa ne abin da taragon ya rasa?"

"Kamar faɗin babban yatsa."

Ya ɗaga hannun hagunsa ya kalli babban yatsan, ya juya shi, ya sauke.

"Yaushe kika gane?"

Wannan ce tambayar da nake tsoro. Na ce kwana biyu kafin mu tafi Kongolam.

Na so ya zage ni. Na so ya ɗauki liman ya kwaɗa mini.

"Kuskuren ba komai ba ne, Saude," ya ce. "Ni ma na sha yanka gwangwani gajere, sai in jefar in yanka wani. Kwana biyun nan ne."

Na kifa kaina a ƙafarsa. Bai dafa ni ba, bai kuma janye ƙafar ba. Can ya ce,

"Tashi ki share fuskarki. Ki bar maganar nan a kan idona. Ni na gama cin kasuwata. Ke kuwa in ta fita, har ki tsufa sunanki wadda ta cire wa ubanta hannu."

"Ko Inna kar in gaya mata?"

"Innarki ce ma ta farko. Miƙo mini akwatin nan na Alhaji."

Tun daga ranar yake sa tabarau in zai fita. Ba nasa ba ne, ba a auna masa ba, jiri yake sa shi da ciwon kai. Sau biyu yana tuntuɓe a matakalar masallaci saboda su, mutane na kama shi suna cewa sannu Malam, idon ne ko. Shi kuma ya ce idon ne. Da sakamakona ya fito, a ɗaki ya cire su ya karanta takardar da kansa, har ƙananan rubutun ƙasa, ya miƙo mini ya ce madalla. Bai sake ta da maganar gine-gine ba, ni ma ban tayar ba. Yana yi mini magana, yana sa mini albarka in na zuba masa ruwa, amma bai ƙara kiran sunana daga ƙofar nan da irin muryar da ya kira ni ranar da Alhaji ya kawo takarda ba.

Ya hana ni faɗa, bai ce komai a kan rubutu ba. Na san wannan dabarar matsorata ce, amma ita kaɗai nake da ita. Zan sa littafin nan a akwatin gwangwani tare da liman, a ƙarƙashin teburin jirgin. In kun karanta, ku yi da ni yadda kuka ga dama, ba zan ce kun yi laifi ba. Abu ɗaya nake roƙo. Duk wanda ya ce muku idon mahaifinku ne ya gaza, ku ce masa Malam Ɗanjuma ya ce kamu ashirin da shida, kuma ashirin da shidan ne.